Yadda ake gina gida da bulon soso mai hana zafi shiga

Bulon nan farin soso ne irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, cikinsa rami. A Kanada da Amurka an dade ana gini dashi. Bayan fandisho sai ka jera su suna shiga juna, kana saka rodi a kwance da a tsaye, ka tokare bangon sosai kafin kankare yazo don wallahi in ka zuba shi da yawa cikin ramin lokaci daya soson fashewa zai yi, kamar tsayin mita 1 zaka dinga zubawa kana zagayawa. Soson ba a cire shi, shine ke tare zafi, AC ma ta huta. Kayi filasta, kuma ka zuba maganin gara, don gara tana ratsa soson.