Yadda na gyara kuskuren lokacin ganawa ta intanet

A farkon Maris na tsayar da lokacin ganawa ta intanet da wani malami a Landan, wadda za a yi a Afrilu, amma ranar da na shiga sai na tarar na makara da awa guda cur. Abin ya dame ni ƙwarai. Da na bincika, na gano cewa Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ni kuwa na yi lissafi da tsohon bambancin lokaci tsakaninmu da Landan. Yanzu nakan duba yankin lokacin da shafin ganawar ya nuna, in bar kalandar wayata ta juya shi da kanta, sannan in rubuta lokacin bisa UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya da ba a matsar da shi gaba ko baya, a saƙon tabbatarwa.