Yadda ake auna yanayin zuciya a ƙagaggen labari da kwamfuta

Fara da tsabtace littafin. Mayar da shi zallan rubutu, ka cire gabatarwa, sunayen babi da lambobin shafi. Idan daga Project Gutenberg, wato rumbun littattafai na kyauta a intanet, ka sauko da shi, yanke bayanin lasisin da ke sama da ƙasa, domin shi ma kwamfuta za ta ƙirga shi a cikin labarin.

Sai zaɓen ƙamus ɗin maki, wato jerin kalmomi da aka nuna yanayin zuciyar da kowace ke ɗauke da shi. labMT yana da kalmomi kusan 10,000 waɗanda mutane suka ba maki daga 1, wato baƙin ciki, zuwa 9, wato farin ciki. Na NRC, wanda Saif Mohammad da Peter Turney suka haɗa, ya raba kalmomi sama da 14,000 zuwa yanayi takwas, ciki har da tsoro, fushi da mamaki. In da labMT kake aiki, zubar da kalmomin da makinsu ke tsakanin 4 da 6, don ba sa nuna komai sai dai su dusashe sakamakon.

Makin kowane yanki na labarin za ka jera a zane mai hawa da gangara, kuma girman yankin da za ka riƙa aunawa shi ne gaɓar da ta fi tasiri. Jimla ɗaya ta yi kaɗan, kalma guda kan karkatar da ita. Masu binciken Jami'ar Vermont a 2016 sun riƙa ɗaukar kalmomi 10,000 a lokaci guda, suna matsawa gaba kaɗan-kaɗan har ƙarshen littafi. Ga gajeren labari sai ka rage, amma ka gwada girma biyu ko uku. In zanen ya juye gaba ɗaya da ka canja girma, to lissafi ne ya haife shi, kada ka dogara da shi. Haka nan tace zanen, wato goge ƙananan hawa da saukarsa, fiye da kima yana ƙirƙiro hawa da gangara na ƙarya, kamar yadda mai bincike Annie Swafford ta nuna a 2015 game da Syuzhet, wata manhajar yin irin wannan awo.

Kurakuran da suka fi yawa sanannu ne. "Bai ji daɗi ba" zai samu maki mai kyau saboda kalmar "daɗi". Jarumar da sunanta ke nufin murna za ta ɗaga kowane shafin da ta bayyana, don haka cire sunaye tun farko. Gatse kuwa, ƙamus ba ya gane shi sam.

Saboda haka, ɗauko wurare goma mafi tsayi da goma mafi zurfi a zanen, ka karanta su da idonka. Ka kuma ba masu karatu biyu gutsattsarin labarin su ba da nasu makin ba tare da sun ga na kwamfuta ba, sannan ka kwatanta.