Darasi na 9: Highlander ko Pilot? A Gwada Kafin A Biya

Mai iyali a Kaduna idan ya tashi sayen babbar mota, wadda za ta ɗauki uwargida da yara da kaya zuwa Zariya ko Kano ranar Sallah, yawanci sunaye biyu ne dillalai za su fara ambata masa: Toyota Highlander da Honda Pilot. A wannan darasi za mu ɗauki Highlander ƙirar 2008 zuwa 2013 da Pilot ƙirar 2009 zuwa 2015, domin suna cikin waɗanda aka saba gani a wuraren sayar da motocin Beljiyam.

A fara da wurin zama. Highlander mai layin kujeru uku tana ɗaukar mutum 7, Pilot 8. Amma kada ka tsaya ga lissafin dillali. Ka je da babban yaronka, ka sa shi ya shiga layin baya na ƙarshe ya zauna. Duba gwiwarsa: tana tokare da kujerar gaba? A Highlander wannan layi na ƙananan yara ne. Pilot ta fi faɗi, kuma idan an ɗaga duk kujerun ta fi barin wurin kaya a baya. Mai 'ya'ya biyar da ke tafiya da kula da buhun shinkafa ya san amfanin wannan.

Sai injin. Duk Pilot ta waɗannan shekaru mai filogi shida ce, lita 3.5. Highlander ma akwai mai filogi shida, lita 3.5, akwai kuma mai filogi huɗu, lita 2.7, wadda ta ɗan fi sauƙin shan mai amma ba ta kai ƙarfin ja ba idan an cika ta. A nan akwai bambanci guda da nake so kowane ɗalibi ya riƙe da kyau. Waɗannan injunan Highlander biyu da sarƙar taimin suke aiki, wato sarƙar da ke daidaita lokacin motsin kayan cikin injin, ita kuwa takan daɗe ƙwarai in ana canza baƙin mai a kan lokaci. Injin Pilot da bel yake aiki, na roba, kuma ana canza shi bayan tafiyar kusan mil 105,000. In aka bari ya tsinke mota na gudu, ɓarnar takan shiga har cikin injin, gyaran kuma ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Wannan ba aibi ba ne ga motar, ƙa'idarta ce. Ka tambayi mai sayarwa: "Alhaji, yaushe aka canza belin taimin?" In ya ce bai sani ba, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗin a cikin ciniki.

Man giya ma kowace da nata. Kada ka yarda a zuba wa Honda man Toyota don an ce duk ja ne.

Kafin ka yanke shawara, ka ɓata yini guda ka shiga kasuwar Panteka, inda ake sayar da kayan mota, da takarda da biro. Tambayi kuɗin shokazoba, da lagireto, da fitilar gaba na kowace mota, ka rubuta a layi biyu. Za ka ga kayan Toyota sun fi yawa a kasuwa, kanikawan da suka san ta ma sun fi yawa, shi ya sa take riƙe daraja idan an zo sayarwa. Saboda haka ne kuma ake tsuga mata kuɗi. Ni a ganina, wanda iyalinsa ba su wuce shida ba kuma yana tunanin sayar da motar nan gaba, Highlander ta fi masa. Mai iyali da yawa, da ke da kanike mai amana wanda ya san Honda, ba zai yi nadamar Pilot ba.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi mana rana. Kowace mota tana da lambar shasi, haruffa da lambobi guda 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofar direba idan ka buɗe. Sa yatsa ka ƙirga daga hagu zuwa dama har na goma. Shi ne ke faɗin shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Ana iya canza fitila da bamba a ce maka mota sabuwar ƙira ce, amma na goman nan zai gaya maka gaskiya. Sannan ka ɗora lambar a kan takardar kwastan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko harafi guda ya saɓa, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Ka lura kuma, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya. Mil 1 kusan kilomita 1.6 ne, don haka in agogo ya nuna 100,000, motar ta ci kilomita 160,000.

Da rana ake duba mota, kuma tare da kanikenka, ba na dillali ba. Ka ce a bar injin ya huce kafin ka zo, domin a tashin farko ne ake jin ƙara da ganin hayaƙi. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina. Warin danshi, ko busasshen taɓo a ƙarƙashin kujera, alama ce ruwa ya taɓa cinye ta. Daga nan a hau titi, a bi ta baifas a ji yadda giya ke shiga, a kuma ratsa layin unguwa mai ramuka a saurari ƙafafunta.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai sayen filogi shida bai yi lissafi ba. Ga aikin gida. A ce ka cika tanki, ka yi tafiyar kilomita 160, ka dawo ka sake cikawa, ya ci lita 20. Kilomita nawa motar ke yi da lita ɗaya? Ka tambayi kuɗin lita a gidan man unguwarku, ka fitar da kuɗin wannan tafiya. Mai mota a gida ko a maƙwabta kuma ya kwafo lambar shasinta a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin na goma, ya zo da shi aji mai zuwa.