Yadda Za Ka Tantance Jita-jitar Dawowar Tsofaffin Wasannin Bidiyo

A shagunan gem na Gusau ba a rabuwa da labarin cewa Sega, mai yin wasannin bidiyo, za ta sake ƙera na'urar wasa, alhali ta daina tun 2001 da na'urarta Dreamcast ta gaza yin kasuwa. Idan labarin ya iso maka, fara duba shafin kamfanin, domin hoton kwalin da ke yawo a WhatsApp kowa na iya haɗa shi a kwamfuta. Ka kuma bambance sabuwar na'ura da irin Mega Drive Mini ta 2019, wadda tsofaffin wasanni aka zuba mata. Labarin fitowar sabon kashi na tsohon wasa kuwa yakan tabbata, ko da an daɗe ana jira, kamar Streets of Rage 4 da ya fito a 2020, shekara 26 bayan na uku. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an sanar da ranar fitowa.