Nono da rigakafin jariri: abin da maijego za ta sani a Saudiyya

Maijegon da ta saba da tsarin Najeriya, inda ake kai jariri rigakafi a sati 6, 10 da 14, za ta tarar da wani lissafi a Saudiyya. Nan wata 2, 4 da 6 ne, sannan 9 da 12. Allurar ciwon hanta ana yin ta ranar haihuwa, amma BCG ta tarin fuka sai wata 6. Ki riƙe katin da kika zo da shi daga gida, ki nuna a markaz sihhi, wato cibiyar lafiya, ta unguwarku. Ɗorawa za a yi daga inda aka tsaya.

A ɗakin jira za ki ji masu cewa kada a ba yaro nono kafin ɗigon rota mai kare shi daga gudawa, wai nonon na kashe ƙarfin maganin. Maganar tana da tushe, domin nono na ɗauke da garkuwar uwa. Sai dai an gwada a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu, aka jinkirta shayarwa kafin ɗigon da bayansa, garkuwar yaran ba ta ƙaru ba. An dai bar su da yunwa a banza. Ki shayar yadda kika saba, har ma lokacin da ake tsira masa allurar, don tsotson na rage masa zafi. Nono kuma, tun daga dakashi, yana raya ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji, irin waɗanda bincike ya alaƙanta da karɓar rigakafi da kyau.

Mai shan madarar gwangwani shi ma rigakafin na kama shi, jadawalinsu ɗaya. Matsalarsa a haɗi take. A tafasa ruwa, a haɗa kafin zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 70, a bi awon da ke jikin gwangwanin, a zubar da ragowar bayan awa 2. Zafin Jidda da Makka ba ya yi wa madara uzuri.

Kada ki ba shi farasitamol tun daga gida don tare zazzaɓi, yin haka na iya rage ƙarfin garkuwar. Sai in jiki ya yi zafi, bisa awon likita. In ya ƙi kama nono ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko ki kai shi asibiti.