Hawan Tourmalet da keke: wuraren da mutane ke kwafsawa

Duk mai kallon tseren Tour de France ya san Col du Tourmalet, mashigar nan ta tsaunukan kudancin Faransa mai tsayin mita 2,115. Tun 1910 ake bi ta nan a gasar. Masu zuwa gwada ƙarfinsu kuwa, yawanci kwaikwayon ƙwararrun da suke gani a talabijin ne ke kayar da su.

Babbar matsala gaggawa ce. In ka taso daga garin Luz-Saint-Sauveur da ke gindin tsaunin kusan kilomita 19 ne hawa zalla, farkon da ɗan dama-dama sai mutum ya ga ai ba komai ya hau taka feda kamar an biyo shi, kafin ya wuce ƙauyen Barèges da ke kan hanya numfashi ya ƙare, alhali kilomitar ƙarshe ce ta fi tsauri, tudunta ya kai wajen kashi 10 cikin 100, wato duk tafiyar mita 100 ka hau sama mita 10. Ka tafi a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. Akwai allo a kowace kilomita mai nuna tudun da ke gaba, ka riƙa dubawa.

Sai girman kai wajen giyar keke. Wai shi ba zai sa mara nauyi ba kar a raina shi, malam gwiwarka ce za ta biya. Faifan sarƙa mai haƙora 34 a gaba, mai 32 a baya, ba abin kunya ba ne.

Kar ka jira yunwa ko ƙishi, hawan zai iya cin awa biyu. Ayaba ko dabino duk rabin awa, ka cika gora a Barèges, ko La Mongie in ta ɗaya ɓangaren ka biyo.

Saukowa ma ana raina ta. Ƙasa zafi, can sama iska mai sanyi ga ka jiƙe da gumi, yatsu su ƙage ka kasa matsa birki. Sa rigar iska da safar hannu a aljihu. Birki kafin kwana ake kamawa ba a cikinta ba, kuma shanu da tumaki na kiwo sake a bakin titi.

Ka duba kekenka tun a gida. A gasar 1913 ƙarfen gaban keken ɗan tsere Eugène Christophe ya karye a gangaren nan, da ƙafa ya sauka har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan ya gyara da kansa a maƙera. Kuma ka tambaya ko an buɗe hanya, ƙanƙara na rufe ta duk lokacin sanyi.