Yadda za ka yi odar hular hannu a intanet ba tare da rigima ba

Da farko kar ka tsaya kan hoton Instagram kawai, ka ce a turo maka bidiyon hular a hasken rana don kalar zare tana canzawa a waya.

Sai ka auna kanka da tef ɗin tela ka tura lambar, inci 22 ce ko 22 da rabi.

Maganar kuɗi nan ne ake ɓatawa wallahi, don haka ku yi ta a rubuce a WhatsApp ba a kira ba, nawa ne kuɗin, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a gama, waye zai biya kuɗin mota, in ba ta shiga kai ba canji ne ko a dawo da kuɗi. Rabi ya isa, kar ka tura duka. Ka duba sunan akawun ɗin bankin kafin ka danna, ka ajiye rasit.

Ka sani fa aikin allura ne, hular Zanna Bukar mai kyau tana cin makonni, kuma ɗan bambanci da hoto ba cuta ba ce, kar ka riƙe wa mai ɗinki haƙƙinsa kan wannan.

In ya gama ya nuna maka a bidiyo, ka cika kuɗi, ka karɓi lambar direba.